Riyalan da Baba Ya Tono a Kufai

Shekaranjiya da hantsi ina zaune ina goge gindin tukunya da toka, sai jikata ta zo ta tsuguna kusa da ni tana matsa lemun tsami a kofi. Warin jiƙaƙƙiyar toka da na lemun suka haɗu suka shigar mini hanci, sai kawai hannuna ya tsaya. Yarinyar ta dube ni ta ce ko na yanke ne. Na ce mata a'a, gajiya ce. Ban yi mata ƙarya ba. Wannan warin shi ne warin ɗakin kakata, kuma in ka ba ni aron hankalinka zan gaya maka abin da ya faru a gidanmu shekarar da ruwa ya janye.

Ƙauyenmu yana bakin tafki ne a ƙasar Ngaski, ba nisa da Wara in an bi ta jirgin ruwa. A lokacin ba a yi Jihar Kebbi ba, duk wata maganar hukuma Sakkwato take ƙarewa. Mu yara a sabon gari aka haife mu, cikin ɗakunan siminti da aka gina wa iyayenmu lokacin da aka datse kogin Kwara a Kainji, ruwa ya haɗiye tsohon gari. Ɗakuna ne masu riƙe zafi, in bazara ta yi ba mai iya zama cikinsu da rana. Manya ba su taɓa kiran wurin gida da zuciya ɗaya ba. In tsoho ya ce maka "can gida", sai ka ga ya juya haɓarsa wajen ruwa.

Kakata, wadda ta haifi Baba, ba 'yar masunta ba ce. Ɗiyar maƙerin fari ce daga Yelwa, aure ya kawo ta cikin masu raga da jirgi. A gidan ubanta ta tashi tana ganin ana narka azurfa ana zuba ta, don haka ta san azurfa yadda Innarmu ta san kifi. Bayan mijinta ya rasu sai ta zama dillaliya. Duk macen da ke da zobe ko munduwa ko tsohon kuɗi da take son ta san darajarsa, ɗakin Kaka take nufa. Ni kuwa a ɗakin nake kwana tun da aka yaye ni, don haka komai a kan idona ake yi.

Kayan aikinta ba su da yawa. Akwai wani ɗan dutse baƙi mai santsi, faɗinsa bai wuce tafin hannu biyu ba, da kaskon toka, da farin ƙyalle, da ƙaramin sikeli da ta gada wurin ubanta. Abin da aka fi kawo mata shi ne riyal, babban kuɗin azurfar nan na da, mai hoton wata mata mai ƙiba da lulluɓi a kai, bayansa kuma tsuntsu mai kai biyu. Ba ta gaggawa da shi. Za ta fara ɗora shi a tafin hannu ta yi shiru, tana jin nauyinsa da sanyinsa. Sai ta murza shi tsakanin yatsu. Azurfa, in ji ta, tana kama yatsa, dalma kuwa santsi take yi kamar an shafa mata mai. Sai ta juya shi ta dubi bakinsa. Na gaskiya yana da rubutu da ƙananan zane a kewaye, na jabu kuwa, da yake zuba shi aka yi a ƙasa, za ka ga siririn layi inda ɓari biyu suka haɗu, ko alamar an goge wurin da magagari. Tana duba ƙananan ɗige-ɗigen da ke kafaɗar matar, wurin da mayafinta ya maƙale, ta ga ko sun fito daki-daki ko sun narke cikin juna. Ta goga shi a farin ƙyalle, in ya bar baƙin layi mai kauri sai ta ɗan taɓe baki. Daga ƙarshe ne take sake shi a kan dutsen.

Wannan shi ne abin da na fi so. Riyal na gaskiya in ya faɗi yana kuka, siririyar ƙara mai tsawo da ke zagaya ɗaki kafin ta mutu. Na jabu kuwa tim yake yi, ya kwanta. Kaka takan sa in rufe ido ta saki ɗaya bayan ɗaya, ni kuma ina cewa "ya yi kuka" ko "bai yi ba". Wasa ne a wurina. Ban san sana'a ake zuba mini a kunne ba.

Sanin gaskiyar kuɗi daban, sanin darajarsa daban. Matan Fulani da ke zuwa daga rugage ba su damu da ko an huda riyal ko an liƙa masa kunne ba, tunda ratayawa za su yi a wuya ko a kitso. Su dai ya yi nauyi, ya yi fari. Amma 'yan kasuwar da ke zuwa daga Jega da Kano, waɗanda ake cewa baƙi suke sayar wa, ba su son mai huji, ba su ma son a goge shi ƙal. Sun fi son wanda fuskar matar ba ta suɗe ba. Akwai kuma sulallan Turawa masu hoton bishiya. Kaka takan ware na farko, farare, ta ce waɗannan azurfa ne, ta ture na baya masu ja-ja gefe ta ce waɗannan sai dai yara su yi wasa. Mace takan zo da ƙullin tsumma tana murmushi, ta fita ba sallama. Na sha ganin wadda ta zagi Kaka a bakin ƙofa don an ce mata gadon uwarta dalma ne. Kaka ba ta ramawa. Sai ta wanke hannu, ta jingina da bango ta ce, "Ni dai ban zuba shi ba." Tun a lokacin ina ganin gajiya a fuskarta, amma na ɗauka tsufa ne.

Kakana ban riske shi ba, ya rasu ana gab da tashi daga tsohon gari. Amma ba wanda bai san labarin tukunyarsa ba. An ce a ƙuruciyarsa ya yi shekaru yana tara abin da ya samu na bandar kifi, ya haɗa da kuɗin wani babban jirgi da ya sassaƙa ya sayar, ya canza duka zuwa riyal a hannun wasu fatake masu wucewa, don bai yarda da kuɗin takarda ba. Ya zuba a tukunya ya binne a gindin rumbu. An ce mutum ne mai sakin hannu, mai magana da ƙarfi a taro, wanda in baƙo ya sauka ba ya tambayar kwana nawa zai yi. In an ce ya rage kyauta sai ya buga ƙafa a ƙasa ya yi dariya ya ce yana da abu a ajiye. Da ciwon ajali ya kama shi, ya gaya wa Baba cewa tukunya tana gindin rumbu. Sai dai rumbunan gidan an sha rushe su ana sake ginawa. Lokacin tashi Baba ya ɗan tona nan da can bai samu ba, motoci na jira, Kaka ta ce ya bari. Ruwa ya zo ya rufe.

Baba shi ne ɗan fari a wurin Kaka. Ka san yadda abin yake a wurinmu. Ba ta kiran sunansa, ba ta kallon tsakiyar idonsa, ba ta zama hira da shi. Yakan zo da safe ya tsuguna a bakin ƙofa ya gaishe ta, ta amsa tana kallon bango, ya tashi. In tana da saƙo gare shi, ni ko Innarmu take ba. Haka na tarar da su, kuma ban taɓa jin abin ya dame ni ba sai a shekarar nan.

Shekarar ta zo da fari. Damina biyu a jere ba ta yi kirki ba, kuma da bazara ta shigo sai tafki ya yi ta ja da baya fiye da yadda aka saba. Inda muke wanki ya zama fili, inda ake ɗaure jirage ya zama busasshen taɓo mai tsage-tsage. Wata safiya masunta suka dawo da labarin cewa kufan tsohon gari ya fito. Duk ƙauye aka fita. Na tuna tafiyar, laka tana kama ƙafa, warin ruɓaɓɓen ganye da matattun katantanwa yana tashi. Ba gini ko ɗaya a tsaye, sai tudun-tudun inda katangu suka narke, da kututturan bishiyoyi baƙaƙe, da duwatsun niƙa, da fasassun tukwane. Tsofaffi suna ta nuni, nan ne masallaci, nan ne gidan wane, wasu na share hawaye. Kaka ce kaɗai ba ta je ba. Ta ce ƙafa ke yi mata ciwo.

Washegari Baba ya ɗauki dagi da shebur ya koma. Burinsa injin jirgi ne. Ya daɗe yana kallon masu inji suna wuce shi su kai tsakiyar ruwa su dawo kafin shi ya gama tuƙi da hannu. Ya gaya wa Innarmu, ya gaya wa abokansa a bakin masallaci, cewa in Allah ya nuna masa tukunyar ubansa, wahalar filafili ta ƙare. Da farko ba shi kaɗai ba ne, kowa yana tonon gidan ubansa. Wasu suka sami 'yan sulalla, wasu munduwa, yawanci ba komai. Suka gaji suka koma ga ragarsu. Baba bai koma ba.

Ban san yadda zan kwatanta maka tsawon lokacin nan ba. Kullum abu guda. Ya fita da sassafe, ya dawo da la'asar jikinsa fari fat da busasshiyar laka, tafin hannunsa duk kanta ta fashe. Jirginsa na kife a tudu har katakon ya fara buɗewa. Ragunansa na rataye, ɓeraye na ci. Murhun bandar Innarmu ya yi sanyi, ita da take kai kwanduna kasuwar Wara ta koma gyara kifin maƙwabta ana ba ta na miya. Ruwan shuka ya sauka, mutane suka fita gona, Baba ya ce gobe. Tuwonmu ya koma sau ɗaya a yini. Ni nake kai masa kunu da rana, in same shi cikin rami har ƙugu, ya karɓa ya sha ya ci gaba da tono. Filin gidan kakana duk ya zama ramuka.

Kaka kuwa ta rage cin abinci. Sau ɗaya tak na ji ta yi masa magana kai tsaye. Ya zo gaisuwar safe, ta ce tana kallon bango, "A bar wanga aiki haka nan. Damina ta tsaya."

Ya ce, "Inna, ke kin san wurin. Ki tuna mini ko kaɗan."

Ta ci gaba da kallon bango. Sannan ta ce, "Ban riƙe ba."

Ya tashi ya ɗauki dagi.

Ya same ta ne da azahar wata ranar Laraba, can gefe inda ba wanda ya zaci an taɓa yin rumbu. Ƙaramar tukunya ce an kife mata kasko an liƙe da laka. Ya rungumo ta a ƙirji tun daga kufai har gida, yara na biye da shi suna ihu. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba. Ya rufe ƙofar gida, ya shimfiɗa tabarma a bakin ɗakin Kaka, ya fasa liƙin ya juye. Riyalai suka zubo, sun manne da juna, wasu da wani farin gari-gari a jikinsu. Innarmu ta rangaɗa guɗa ta kama baki. Baba ya ce, "Inna, ga abin Baba. A duba mana."

Kaka na zaune a ciki ba ta motsa ba. Ni ce ɗoki ya ɗiba. Na ɗauko kaskon toka da lemun tsami na hau goge ɗaya, yadda na saba yi mata. Azurfa ko ta yi baƙi ƙirin a ƙasa, in ta ji toka da lemu sai ta washe. Wannan ina gogawa yana ƙara duhu, wani siririn ɓawo mai ƙyalli yana tashi yana manne mini a yatsa. Ban kawo komai a rai ba. Na jawo dutsen na sake shi a kai. Tim. Na ɗauki wani. Tim. Na ɗauki na uku daga can ƙasa, shi ma haka. Sai na ɗaga kai na ce, da muryar wasan da muka saba, "Kaka, ba su kuka."

Baba ya ce, "Mi kika ce?"

Ya karɓi dutsen ya shiga saki da kansa, ɗaya bayan ɗaya, da ƙarfi, kamar in ya ƙara ƙarfi za su yi magana. Ya sa ɗaya a baki ya ciza, ya fitar ya ga sawun haƙoransa. Sannan ya juya wajen ƙofar ɗakin.

Kaka ta fito da rarrafe ta zauna a bakin ƙofa. Ba ta taɓa ko ɗaya ba. Ta ce, "Dalma ce anka yi wa wanka da ruwan azurfa. Ba yau na sani ba."

Sai ta ba da labarin, a hankali, tana kallon ƙafafunta. Ta ce ranar da kakana ya kawo su tana amarya, da cikin Baba. Ya juye su a kan tabarma yana dariya, ya ce ta taɓa ta ji, ke ɗiyar maƙeri. Tana ɗaukar ɗaya daga ƙasa ta ji santsinsa. Fataken sun riga sun yi nisa, ba inda za a same su. Ta dubi mutumin da ya zuba ƙarfinsa na shekaru a cikin abin nan, yana tsaye yana jiran ta yi murna, sai bakinta ya ƙi buɗewa. Ta ce masa ya binne saboda ɓarayi. Ta yi niyyar gaya masa gobe, sai goben ta zama wata, watan ya zama shekara. Kuma duk lokacin da wuya ta zo ya ce zai tono tukunya, sai ta riga shi. Shekarar da fara ta cinye gonaki, ta sayar da mundayenta. Da jirginsa ya nutse ta sayar da 'yan kunnen da ubanta ya ƙera mata. Ta yi ta cewa a bar tukunya sai babbar rana.

"Har ya koma ga Allah ina tsaron tukunyar ga," in ji ta. "Da ruwa ya zo ya rufe ta, na ce na huta."

Baba ya ce, "Kin gan ni ina tona. Kullum kina ganina."

Ta ce, "Ina roƙon Allah kada ka samu."

Ya daɗe a tsugune. Sannan ya tattara su ya mayar cikin tukunya, ya ɗauka ya shiga ɗakinsa. Ranar ba a ɗora tukunyar tuwo ba.

Da abin ya tsaya nan da da sauƙi. Amma labari ya riga ya fita cewa an tono riyalan gidanmu. Bayan 'yan kwanaki Baba ya aiko Innarmu da saƙo. Ya ce ba ya neman Kaka ta yi ƙarya. Akwai waɗanda wankansu bai ɓare ba, in an goge su da dabara za su yi kyau. In mai saye ya zo, ta yi shiru kawai, ta ce idonta ya yi rauni. Ganin an fito da su daga ɗakinta ya isa. Innarmu ta faɗi saƙon kanta a sunkuye, ta ƙara da cewa geron da ya rage ba zai kai mu kaka ba. Kaka ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba.

Wadda ta zo kuwa wata Bafillatana ce, tsohuwar ƙawar Kaka, mai kawo mana nono tun ina goye. Ta sauke ƙwaryarta ta ce ta ji labari, ta sa an sayar da ɗan maraƙinta, tana son ta haɗa wa 'yarta abin wuya. Wasu matan unguwa suka biyo ta don su gani. Baba ya fito da faifai, ya jera waɗanda ya goge, ya tsaya gefe. Matar ta ɗauki ɗaya tana juyawa a rana, ta miƙa wa Kaka ta ce, "Ke ce idona. In kin ce in ɗauka, na ɗauka."

Kaka ta karɓa. Ta dubi faifan, sannan, abin da ban taɓa gani ba, ta ɗaga kai ta dubi Baba a fuska. Ta ce wa matar, "Mai da kuɗinki. Dalma ce, duka."

Baba ya fita daga gidan. Kafin magariba duk ƙauye ya ji. Abin da ya fi yi mana ciwo ba dariyar da aka yi wa Baba ba ne, wadda aka yi wa mamaci ce. Mutanen da suka ci tuwon kakana suka koma kwaikwayon yadda yake buga ƙafa a ƙasa. Yara suna bina a hanyar rijiya suna ce mini jikar mai dalma. Baba ya ci gaba da zuwa gaisuwar safe, amma a tsaye, kalma biyu, ya wuce. Gonarmu da aka shuka a makare ba ta yi abin kirki ba. Innarmu ta sayar da akuyarta. Gidan ya yi tsit, kowa yana aikinsa kamar mai ɗauke da kaya a ka.

A ƙarshen damina ruwa ya fara dawowa. Baba ya toshe jirginsa, ya zauna ƙarƙashin rumfa yana ɗinke birgi, wato ragar nan da ake jefawa ta buɗe kamar faifai. Ɓeraye sun ci gefenta, yawancin dalmar da ke sa ta nutse ta zube, kuma ba abin sayen wata. Wata safiya sai na ga ya shiga ɗaki ya fito da tukunyar. Ya ɗora riyal a kan turmi, ya sa kurfi ya raba shi, ya naɗe ɓarin a jikin igiyar ragar ya buga da guduma. Dalma ba ta gardama, nan da nan ta lanƙwashe.

Kaka ta jima tana kallonsa daga ƙofar ɗakinta. Can sai ta ɗauko sikelinta, ta taka a hankali ta zauna nesa kaɗan da shi. Ta ce, kamar da ni take magana, "In ba a daidaita nauyi ba, gefe guda za ta riƙa faɗi." Ta jawo tukunyar ta shiga aunawa tana warewa, masu nauyi nan, marasa nauyi can, tana turo masa. Shi kuma yana karɓa yana bugawa. Ba mai kallon wani. Sun yi nisa a haka, sai ya ce ba tare da ya ɗaga kai ba, "Ko guda babu na gaskiya?"

Ta ce, "Akwai. Fataken sun ɗora 'yan kaɗan a sama, su ubanka ya gwada ya yarda. Na tsince su tun ranar, na ce mishi a bar su waje."

"Ina sunka tahi?"

"Da su anka sai ragon sunanka."

Gudumar ta tsaya a hannunsa. Ya daɗe yana kallon ragar. Sannan ya sa gefen rigarsa ya goge fuska, ya miƙa hannu, ta ɗora masa wani.

Da wannan birgin ya ciyar da mu shekarar nan da wadda ta biyo. Inji bai samu ba sai bayan na yi aure, shi ma tsohon inji ne. Kaka kuwa daga ranar ta naɗe sana'a. In mace ta zo da ƙulli sai ta ce a kai Yelwa, ita ta gaji. Ba ta daɗe ƙwarai ba bayan haka ta rasu. Na sha tambayar kaina ko daidai ta yi wa mijinta, da ta bar shi ya yi rayuwarsa da faɗin ƙirji a kan abin da babu, ko zalunci ne ta yi wa ɗanta. Da ina yarinya ina da amsa. Yanzu da na yi zaman aure, na haifa, na san abubuwan da na haɗiye don kada fuskar wani ta faɗi, ba ni da ita.

Yau ba mai kawo wa kowa riyal. Matan rugage ma sun koma sarƙar kanti, kowa ya san ba ta gaskiya ba ce, ba wanda ya damu, in ta koɗe a sayi wata. Kuɗi ya koma cikin waya, ba nauyi ba sanyi, in an cuce ka sai dai ka ji a bakin yaron da ya duba maka. Baba yana nan da rai, ya tsufa ƙwarai, ido ya tafi, yini yake a zaune ƙarƙashin rumfa. Da na je gaishe shi bayan sallar da ta wuce, hira ta kai mu ga shekarar nan, sai na yi ƙarfin hali na tambaye shi abin da ban taɓa tambaya ba. Na ce, "Baba, da ba ka same ta ba fa, da bai fi ba?"

Ya daɗe yana murza carbi, har na zaci barci ya ɗauke shi. Can ya girgiza kai.

Ya ce, "A'a, ɗiyata. Da ban same ta ba, da har yau ina nan ina jiran ruwa ya janye."